Ƙarar ƙas-ƙas a injin HEMI: yadda lifta ke cinye kamshaf da yadda ake gyaransa

Injin HEMI mai lita 5.7, wanda kamfanin Chrysler na Amurka ya fara sa wa manyan a-kori-kurar Dodge Ram a 2003, inji ne mai ƙarfi da juriya. Amma yana da ciwo guda da duk bakaniken da ya daɗe yana buɗe shi ya sani. Ciwon yakan fara da 'yar ƙara daga saman injin, ƙas-ƙas-ƙas, mai mota ya saba da ita har kunnensa ya daina ji. Bayan wani lokaci motar ta fara karkarwa idan tana sulo, fitilar inji ta kama. A kai ta gareji, a canza fulogi, a canza koyil, a wanke nozul, matsala tana nan daram. Sai ranar da aka buɗe ciki a tarar lifta ɗaya ta daskare, ta goge tozon kamshaf har ya kwanta, burbushin ƙarfen kuma ya bi baƙin mai ya zagaye injin.

Wanda ya saba da Toyota Hilux sai ya sauya tunani kafin ya taɓa wannan inji. A Hilux na zamani kamshaf, wato sandar ƙarfe mai tozaye da ke juyawa tana buɗe bawul, yana can sama a kan tof silinda, da ka cire murfi ka gan shi. A HEMI kuwa kamshaf ɗaya ne tak, kwance a tsakiyar bulok, tsakanin layuka biyu na silinda takwas. Yana da tozo 16, kowane bawul da nasa. A kan kowane tozo akwai lifta, wani guntun ƙarfe mai siffar gwangwani da 'yar rola a gindinsa. Idan tozo ya juyo sai ya ɗaga lifta, lifta ta tura sandar turi, sanda ta tura roka, roka ta danna bawul ya buɗe. Cikin lifta akwai ɗan fistin da baƙin mai ke cikawa, shi ke cinye duk wata tazara da ke tsakanin waɗannan ƙarafa, shi ya sa ba a saita tafet a wannan inji.

Raunin yana cikin rolar. Tana juyawa ne a kan ƙananan boris sirara kamar allura, kuma ba wata hanyar mai ta musamman da ke kai musu. Da man da ke gangarowa ta jikin lifta, da wanda ke fantsama a cikin bulok suke rayuwa. Idan man ya yi ƙaranci, ko ya tsufa, ko ya ɗauko datti, alluran sukan fara zaizaya, rola ta fara lilo, daga nan ƙarar ke tasowa. A wannan mataki kamshaf yana iya zama lafiya lau. Idan aka ci gaba da tuƙi sai alluran su farfashe, rola ta cije ta daina juyawa, ta koma gugar tozo a kowane zagaye. Fatar tozon mai tauri ba ta da kauri. Da ta huje, ƙarfen da ke ƙarƙashi ba ya jimawa. Bawul ya daina buɗewa sosai, silinda ta kasa shaƙa ko fitar da hayaƙi, mota ta fara mis, wato silindar ta daina ƙona fetur daidai.

Me ke kawo ƙarancin man? Yawancin masu gyaran wannan inji sun fi ɗora laifin a kan dogon sulo. Kamshaf ɗin HEMI yana zaune nesa da karanshaf, kuma a sulo famfon mai yana juyawa a hankali, man da ke fantsama bai taka kara ya karya ba. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin motocin 'yan sanda da na kamfanoni masu wuni a kunne suna cikin waɗanda ciwon ya fi kamawa. Wasu kuma suna zargin MDS, tsarin da ke kashe silinda 1, 4, 6 da 7 idan mota tana tafiya ba nauyi don a rage shan fetur, wanda ya shigo Ram 1500 a 2006. Sai dai rolar liftar da ba ta MDS ba ita ma tana mutuwa, har a injinan da ba su da tsarin gaba ɗaya. Saboda haka wanda ya kashe MDS ya kwanta da tunanin ya tsira, bai tsira ba.

A nan ne maganar ta shafi waɗanda suka sayi irin waɗannan motoci 'yan Kwatano. Al'adar zuba mai mai kauri, 20W-50, ga kowace mota da sunan ƙasarmu akwai zafi, tana cutar da wannan inji. Galibi an ƙera shi ne don 5W-20, sababbin ciki kuma 0W-20, kuma yana shan kusan lita 6.6. Mai mai kauri yana jinkirin isa sama da safe, yana kuma rikita MDS, har kwamfutar motar takan fitar da lamba P1521, wadda ke nufin man da aka zuba ba shi ne daidai ba. Haɗa wannan da ƙurar hunturu, da direban da ke zaune awa uku da na'urar sanyi a kunne yana jiran maigida, ka ga an tara wa rola duk abin da ba ta so.

Kafin a kwance ko noti ɗaya

HEMI yana da ƙara fiye da ɗaya, kuma an sha buɗe inji a banza saboda rashin bambancewa. Wadda ta fi yawa ita ce ta notukan bakin salansa, inda take haɗuwa da tof silinda. Sukan karye, musamman na baya, hayaƙi ya riƙa tsartuwa yana ƙas-ƙas. Alamarta ita ce tana da ƙarfi da sanyin safiya, idan inji ya yi zafi ƙarfe ya buɗe sai ta ragu ko ta ɓace, kuma za ka ga baƙin hayaƙi a wurin ko ka tarar kan noti babu. Akwai kuma ƙarar daƙiƙa biyu ko uku da inji kan yi idan aka tayar da shi bayan ya kwana, kafin mai ya cika liftoci. Wannan ba ta da illa. Ƙarar rola mai mutuwa kuwa ba ta tafiya da zafi, sau da yawa ma a lokacin ta fi fitowa, wani lokaci har da ɗan ƙyi-ƙyi a ciki. Kamshaf yana juyi ɗaya ne a duk juyi biyu na karanshaf, don haka a sulo na juyi 600 a minti za ka ji kusan bugu biyar a daƙiƙa. Dogon sukudireba, kai ɗaya a kan murfin bawul, ɗayan a kunne, zai nuna maka ɓangaren da take.

Sai a sa kwamfuta. P0300 na nufin mis a silinda barkatai, P0301 zuwa P0308 kuma lambar ƙarshe ita ce silindar da ke da matsala. A wannan inji 1, 3, 5, 7 suna gefen hagu, wato gefen direba, 2, 4, 6, 8 suna dama. A musanya koyil da fulogi na silindar da ake zargi da na maƙwabciyarta, a tuna kowace silinda fulogi biyu gare ta. Idan mis ya bi koyil ya koma can, an huta. Idan ya tsaya inda yake, a cire murfin bawul na wannan gefe, a juya injin da hannu ana kallon rokoki. Wadda tozonta ya cinye za ka ga tana ɗan sunkuyawa kawai alhali 'yan uwanta suna nutsewa sosai. Agogon awo mai allura zai faɗi bambancin daidai, amma sau da yawa ido ma ya isa. Gwajin matsin silinda shi kaɗai yana yaudara a nan, domin bawul ɗin da ba ya buɗewa sosai yana rufewa lafiya, sai a ga lamba mai kyau a zaci ba komai.

Gwaji na ƙarshe shi ne wanda ke yanke hukuncin ko gyara za a yi ko sauya inji, kuma shi aka fi tsallakewa. A yanke gwangwanin filtar mai, a warware takardar ciki a rana, a bi ta da maganaɗisu. A injinan 2009 zuwa sama, masu sauya lokacin buɗewar bawul, akwai wani bawul na lantarki a ƙarƙashin bututun shaƙar iska da ke sarrafa man wannan tsari, yana da 'yar rariya a jikinsa. A zaro shi a duba. Man da ke isa gare shi ya riga ya bi ta filta, saboda haka idan aka ga ƙarfe a rariyar, ƙarfen ya wuce filta ke nan, ya kai ga metal na karanshaf da na kamshaf, wato ƙarafan da suke kwanciya a kai suna juyawa. Filta tana da ƙofar ko-ta-kwana da ke buɗewa idan mai ya yi kauri da sanyi ko takarda ta toshe, ta nan burbushin ke sulalewa. Idan haka ta faru, dole a sauke kaskon mai, a buɗe metal ɗaya ko biyu a gani. Masu zane ko waɗanda jan ƙarfensu ya bayyana suna nufin aikin ya wuce kamshaf, sai dai a sauke injin gaba ɗaya. Gara mai mota ya ji wannan tun kafin ya sayi kaya.

Aikin kansa

Ba a iya zaro lifta a HEMI sai an cire tof silinda, kuma tunda kamshaf ba zai fita ba sai an ɗauke duk liftocin daga kansa, tof biyun duka za su sauka. Aikin kwana biyu ne ko uku ga wanda hannunsa ya faɗa. A cire kan batir, a zubar da ruwan lagireto da baƙin mai. Daga sama a kwashe bututun shaƙar iska, koyil, murfin bawul, sandunan rokoki da sandunan turi, sannan bakin salansa da tof. Daga gaba a cire fanka, lagireto, bel, famfon ruwa, fulin karanshaf, murfin taimin, famfon mai da kacar taimin. Fulin yana buƙatar abin zaro na musamman. Wanda ya sa guduma ko ƙarfen banƙara zai lalata shi, wataƙila har da bakin karanshaf.

Sandunan turi iri biyu ne, na bawul ɗin shaƙa gajeru, na hayaƙi dogaye. A huda kwali a jera su yadda aka ciro su, sannan a mirgina kowace a kan gilashi, wadda ta yi tsalle ta lanƙwashe. Liftoci suna zaune huɗu-huɗu a cikin wani mariƙi na roba, mariƙi huɗu ke nan, kuma aikinsa shi ne hana lifta juyawa a raminta. Idan ya saki, rola ta karkace ta hau tozo a kaikaice, ciwon ya dawo ta wata ƙofa. Ba a maimaita tsohon mariƙi.

Wajen zaro kamshaf a ɗaura dogon noti a bakinsa ya zama abin riƙo, a riƙa juya shi a hankali ana janyowa, ana tallafe shi, don kada tozaye su karce metal ɗin da yake kwanciya a kai. Da ya fita a haska rami da tocila a duba metal ɗin, a duba ramukan liftoci, musamman na wadda ta mutu. Ramin da ya zane sosai zai riƙa zubar da matsin mai, kuma sabuwar lifta ba za ta gyara wannan ba.

Nan ne ake samun jarrabawar aljihu. Mai mota ya ga lifta ɗaya ce ta lalace cikin 16, sai ya ce a canza ita kaɗai. Kuskure ne mai tsada. Sabuwar rola a kan tozon da fatarsa ta huje ba za ta daɗe ba, sauran 15 kuma sun sha man da ya kashe ta farkon, shekarunsu ɗaya, wahalarsu ɗaya. Mafi yawan kuɗin wannan aiki na kwancewa ne da ɗaurawa, ba wanda zai so ya biya shi sau biyu. Abin da ya kamata a saya: kamshaf, lifta 16 da mariƙansu, gasket ɗin tof biyu, na bututun shaƙa, na salansa da sababbin notukansa, na murfin taimin da sil ɗin gaba, famfon mai da zoben robar bututun tsotsonsa, kaca da abin ɗame ta, da bawul ɗin lantarkin nan idan ƙarfe ya taɓa shi. Motar da ke da na'urar sanyaya mai, ita ma a sauya ta, domin burbushi yana maƙalewa a lungunanta inda wanki ba ya kai wa. A sayi lifta ta Mopar, wato ta ainihin kamfanin motar, ko ta kamfanin da aka san shi. Kasuwa cike take da jabu a cikin kwali mai kyau, kuma jabun lifta tana iya fara ƙara tun a makon farko.

Kamshaf ɗin ma sai an lura. Na kafin 2009 daban da na bayanta, na a-kori-kura daban da na ƙananan motoci irin Charger da 300, mai MDS daban da marar shi. Da lambar shasi ake oda, ba da ido ba. Liftocin MDS kuwa dole su faɗa silinda 1, 4, 6 da 7, shi ya sa mariƙan suke da alamar gaba da baya. Idan aka juya su, silindar da kwamfuta ta kashe wa fetur bawul ɗinta zai ci gaba da aiki, mota ta rikice ta cika da lambobi.

Masu son cire MDS gaba ɗaya su sani ba rabin aiki ba ne. Sai an sa kamshaf da liftoci marasa MDS, an toshe ramukan bawul ɗin lantarki huɗu da ke sarrafa shi, an kuma sake rubuta kwamfutar injin. Kwamfutocin 2015 zuwa sama a kulle suke, sai an buɗe su tukuna. Inda babu mai wannan na'ura, mayar da injin yadda kamfani ya yi shi ya fi kwanciyar hankali.

Kafin a fara ɗaurawa a wanke kaskon mai da rariyar tsotso tas, a wanke kwarin bulok, a busa hanyoyin mai da iska. A shafe tozaye da wuraren kwanciyar kamshaf da man haɗa inji, a tsoma rololin a sabon baƙin mai. Wajen taimin, ramin makullin karanshaf yana kallon ƙarfe 2 na agogo, alamar haƙorin karanshaf tana ƙarfe 6, ta haƙorin kamshaf tana ƙarfe 12, kuma mahaɗan kaca masu launi su dace da alamomin. Haƙori ɗaya aka kuskure, kwamfuta za ta fitar da P0016, idan kuskuren ya yi yawa fistin ya haɗu da bawul.

Tof silinda sai an goge fuskarsa da ta bulok ba tare da an kankare alminiyon ba, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a tabbatar bai banƙare ba. Ramukan notuka a busar da su ƙaf. Ruwa ko mai da ya kwanta a ƙasan rami ba ya matsuwa, idan noti ya sauko masa yana iya tsaga bulok. Gasket na hagu da na dama ba ɗaya ba ne, an rubuta a jiki. Kowane tof yana da manyan notuka 10 da ƙanana 5, ana ɗaure su daga tsakiya zuwa waje, mataki-mataki, da sifanar awon ɗauri. A yawancin waɗannan injina manyan suna farawa da Nm 34, sai 54, sai a ƙara kwata ɗaya na zagaye, wato digiri 90, ƙananan kuma su ƙare a 34. Littafin shekarar motar shi ne alƙali, a duba shi. Notin da wuyansa ya sirance a jefar, kuma mafi alheri a sa sababbi duka. Ɗaurin "na ji a hannuna" ba shi da wuri a nan.

Kuskuren da ya fi kama ƙwararru yana wajen sandunan turi. A HEMI suna shiga a karkace, ba ka ganin gindinsu, kuma abu ne mai sauƙi sanda ta zauna a gefen lifta maimakon cikin kofinta, ko ta zame daga kofin roka yayin da ake ɗaure sandar rokoki. Ita sandar rokokin ana saukar da ita ne kaɗan-kaɗan daga tsakiya har Nm 22, ana duba kowace sanda da yatsa da tocila. Bayan nan a ɗan dakata liftoci su sauke, sannan a juya injin da hannu zagaye biyu cikakku. Idan ya cije, kada a tilasta, a koma a duba.

Ranar tayarwa, a zuba sabon mai da sabuwar filta, a cire fiyus ɗin famfon fetur a yi ta sitata na 'yan daƙiƙu sau biyu ko uku har matsin mai ya hau, sannan a mayar a tayar. Sababbin liftoci suna iya yin ƙara na wasu mintuna kafin iska ta fita daga cikinsu. Kamshaf mai rola ba ya buƙatar a riƙe totur na minti 20 kamar na tsofaffin injina, amma kada a bar shi yana dogon sulo, a fita da motar. Ruwan lagireto na motocin 2013 zuwa sama daban yake da na baya, idan aka gauraya su yana iya yin kauri ya toshe hanya. Bayan kilomita 500 zuwa 800 a sake juye man, a sake yanke filta a duba. Ɗan ƙyalli kaɗan a karon farko ba abin tsoro ba ne. Idan ya ƙaru a karo na biyu, akwai inda ake ci.

Chevrolet Silverado da GMC Sierra masu injin lita 5.3 suna da ɗan uwan wannan ciwo, amma kamanninsa daban. Tsarinsu na AFM, wanda ya shigo waɗannan motoci a 2007, shi ma silinda 1, 4, 6 da 7 yake kashewa. A can abin da ya fi faruwa shi ne 'yan fil ɗin da ke kulle cikin lifta su gaza, lifta ta nutse ta ƙi tasowa, roka ta tsaya cak, wani lokaci sandar turi ta lanƙwashe. Yakan zo farat ɗaya, kuma idan aka tsayar da mota da wuri kamshaf yana iya tsira, sai dai ba a yarda da haka sai an haska kowane tozo an gani. A waɗannan injina a duba farantin da ke raba wa liftoci mai a tsakiyar bulok, da 'yar rariyar da ke ƙarƙashin sensar matsin mai, wadda toshewarta kaɗai takan jawo matsalar. Manyan notukan tof ɗinsu na ɗauri ɗaya ne, ba a maimaitawa. Daga 2019, a injinan da ke da DFM, sabon tsarin kashe silinda da ya biyo bayan AFM, duk liftoci 16 masu kashewa ne, ba 8 ba.

Game da kiyayewa bayan gyara, littafin Ram ya ce kada mai ya wuce kilomita 16,000, ko wata 12, ko awa 350 na aikin inji, duk wanda ya riga zuwa, kuma motar da ke aiki cikin ƙura ko yawan sulo a juye mata a kilomita 6,500. Awa 350 ɗin ce mutane ba sa lissafawa. Motar da ke kunne awa 4 a kullum za ta cika su kafin wata uku, ko da mitar kilomita ba ta motsa sosai ba. Allon gaban direba a yawancin Ram na bayan nan yana nuna awannin inji, har ya ware na tuƙi da na sulo. Mai shirin sayen ɗaya ya fara buɗe wannan shafi, sannan ya bar injin ya yi zafi sosai, ya kashe rediyo da na'urar sanyi, ya saurari gefen hagu da na dama ɗaya bayan ɗaya.